Keken da Ka Ce Nawa Ne

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka, irin gaisuwar da nake yi maka da safe a bakin ɗakin kekuna, ina durƙushe, kai kuma kana amsawa ba tare da ka ɗaga kai daga kacar da kake sa wa mai ba. Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Ban ma san inda zan ajiye ta in na gama ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, fasto bai ji ta ba, ƙawayena ba su ji ta ba, kuma kai ne mai ita. Ka san ni da kunya. Da kana raye ma, wataƙila rubutawa zan yi in tura maka ta ƙarƙashin ƙofa in gudu.

Mama tana lafiya, ta koma rumfarta ta wake a kasuwa. Ta rame, amma tana cin abinci. Yohanna ya yi tsawo, wandon makarantarsa ya ɗage, kuma har yanzu in aka buga ƙararrawar keke a waje sai ya miƙe da gudu, ya tsaya a tsakiyar gida, ya dawo ya zauna. Kaka ta koma Michika bayan ta gaji da yi mana faɗa a kan gishiri. Masarar da ka shuka a bayan gida ta yi kyau, mun cire ta. Manoman Duvu da kake zagayawa kana duba musu gona sun aiko da dawa, wani tsoho a cikinsu ya ce bai taɓa ganin malamin gona da ke iso musu kafin rana ta yi zafi ba sai kai. Matan zumunta na coci suna zuwa su yi mana waƙa. Kowa yana faɗin alherinka, ni kuma ina sunkuyar da kai ina cewa amin.

Sauran labarin shi ne Ɗan Kore, koren keken nan, ba ya gidan nan. Ba sace shi aka yi ba, ba sayarwa aka yi ba. Ni na hau shi na mayar wa mai shi. Ka san wanda nake nufi, Baba. Ka daɗe da sani.

Tun ina ƙarama nake kawo muku kunu a gindin mangwaron ƙofar gida, kai da abokanka 'Yan Feda, in kun dawo daga zagayen Asabar a kan kekuna kuna zufa. Ka taɓa gaya mini cewa kun fara ne a shekarun da aka hana hawan babur a garin nan, lokacin da kowa ya koma kan keke dole. Da aka samu sauƙi wasu suka jingine nasu, ku kuka ƙi sauka. Na haddace maganganunku kamar karatun jarrabawa. Ɗakin kekuna garke ne. Sabon keke maraƙi ne, ko da gwanjo ne da ya tsallako daga Kamaru da tsatsa a jiki. Wanda hawan Duvu ya fi ƙarfinsa ya sauka yana turawa, sai ku ce yana yi wa kekensa rakiya. In baƙo ya zauna a cikinku, sai a tambaye shi wai keke nawa ya kamata namiji ya mallaka. In ya ce ɗaya, ku kwashe da dariya ku kira shi maraya. In ya ce biyu, ku ce ya fara hankali. Amsar da kuke jira ita ce: waɗanda yake da su, da ƙarin ɗaya. Daga nan sai amininka Kawu Buba ya ɗaga yatsa ya kawo sharaɗi, wai amma a tsaya saura ɗaya kafin yaji, wato kafin adadin da zai sa matar gida ta ɗaure kayanta ta koma gidan iyayenta. Kullum maganar ɗaya ce, kullum kuma sai kun yi dariya kamar yau aka ƙirƙiro ta. Nima nakan yi tawa a ɓoye, ina rufe baki da murfin kwano.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Na daɗe ina jin haushin kekunanka. Kana yi musu magana fiye da yadda kake yi mini. Kana jin ɗan ƙaran da ɗayansu ya yi daga nesa ka san abin da ke damunsa, ni kuwa nakan wuni da zazzaɓi sai Mama ta gaya maka. Ba na cewa ba ka so na. Cewa nake ban san ta inda zan shigo ba. Shi ya sa na koyi riƙe maka famfo, na koyi nutsa tib a ruwa don a ga inda yake fitar da iska, na koyi yin faci. Ba facin nake so ba. Zama kusa da kai nake so.

Sai ranar nan ta zo. Satin da zan shiga babbar sakandare ne, ina ta tunanin nisan makarantar, can ƙetaren mayo, kogin nan namu, ban gaya wa kowa ba. Ina wanke-wanke a tsakar gida ka shigo kana tura wani koren keke mai ƙyalli, ƙarami, ba irin naka ba. Mama ta fito bakin kicin da muciya a hannu, ta tambaye ka wannan kuma na waye. Ka yi shiru. Ka dube ta, ka dubi keken, sannan ka juyo ka dube ni. Ka ce na Kuve ne, na zuwa makaranta.

Ina tuna shirun nan, Baba. A lokacin na ɗauka shirun mai kyauta ne, wanda yake jan rai kafin ya buɗe hannu. Kuma da Kuve ka kira ni, sunan da mutanenmu suke ba 'yar fari. A makaranta da coci da unguwa Rahila ce ni, kai da Kaka kaɗai kuke kirana da wancan. Na durƙusa da kumfar sabulu a hannuna ina kuka ina godiya. Ka dafa kaina ka ce ya isa, ya isa. Da na hau, ko sirdin ba a taɓa ba, ya yi mini daidai. Na gaya wa ƙawata Hadiza ta maƙwabta cewa babana da ido kawai ya san tsawona. Ranar Lahadi kuma na yi abin da ban taɓa yi ba kuma ban sake ba: na miƙe a gaban jama'a lokacin godiya, na ce ina gode wa Ubangiji saboda mahaifina ya saya mini keke. Aka tafa. Kana zaune a layin maza. Me ka ji a ranka a lokacin? Wannan ita ce tambayar da ta fi hana ni sukuni.

Kai ka koya mini hawa, a filin firamare da yamma. Kana riƙe da kariyar baya kana gudu da silifas, kana haki, kana cewa in taka, in taka, kada in kalli ƙasa. Ni na raɗa masa Ɗan Kore, ka ce sunan ya yi. Na kitsa masa zaren ulu ja da fari a hannuwa. Ban yarda ya kwana a garke ba, a ɗakina yake kwana, kusa da gado.

Kana tuna Asabar ɗin da Kawu Buba yakan zo da ƙafa? Ba kowace Asabar ba, amma sau da yawa. Sai ka leƙo ka ce kekensa ya lalace, ko zan taimaka masa. Shi kuma ya cire hula ya rusuna mini, yana kirana ranki ya daɗe mai keke, wai a tausaya wa talaka da aro. Mutanen gindin mangwaro su yi ta dariya. Na ɗauka dariyar jin daɗi ce, ta ganin yarinya tana ba babba aro. Nakan goge keken tas kafin in fito da shi, in ce masa da ƙaramar murya ya lura da birkin baya, yana da ɗan kamawa. Ya ce to, ranki ya daɗe, zai kiyaye. Dariyar ta ƙaru. Kai ma kana ciki. Na ga haƙoranka.

Ba a kan hanya ka tafi ba, yadda Mama ta yi shekaru tana tsoro. Da ciwon kai ka kwanta, aka ce jini ne ya hau. Na zauna a gefen gadonka a asibiti lokacin da bakinka yake fita sarai. Ka ce in kula da Yohanna. Ka ce in dage da lissafi. Ka ce in riƙa sa wa kaca mai bayan ruwan sama. Ka sami bakin faɗin wannan, Baba. Ɗayar maganar ba ta fi ta tsawo ba.

Ranar jana'izarka abokanka sun zo gaba ɗaya, Musulmi da Kirista, kowa da kekensa, ba wanda ya hau. Sun bi akwatinka da ƙafa suna turawa har maƙabarta. Ranar duk sun yi rakiya, ba wanda ya yi wa wani dariya. Na so su a ranar kamar iyayena. Ina so ka san haka kafin ka ji sauran.

Bayan an watse daga zaman makoki sai suka fara zuwa da ɗai-ɗai. Mutum ya gai da Mama, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce akwai wani baƙin keke a garke, ko wani mai jan madigadi, nasa ne, kiwo ya kawo. A nan na fara jin wannan kalma taku, wadda ba ku taɓa faɗa a gabana ba. Ashe in mutum ya kai iyakar yajin nan, ya sake ganin wani keken ya kasa haƙuri, sai ya saya ya kai gidan abokinsa a ɓoye masa, kamar yadda ake ba makiyayi shanu. Mama ba ta yi musu da kowa ba, ta buɗe ƙofa ta ce kowa ya ɗauki nasa. Garken da nake alfahari da shi, ashe kusan rabinsa baƙi ne. Har na ɗan yi dariya, na ce a raina kai Baba. Ko kaɗan hankalina bai je kan Ɗan Kore ba. Me zai kai shi? Ba a garke yake kwana ba.

Sai wata Asabar suka biyo ta gidanmu bayan zagaye, su gai da Mama, suka zauna a gindin mangwaro kamar da. Na kawo kunu. A cikinsu akwai wani sabon shiga, mai kantin magani, mutumin kirki, wanda ya san ni da Rahila kawai. Ya zo da sabon maraƙi, aka fara tsokanarsa yaya aka yi ya shigar da shi gida madam tana kallo, ko wa ya karɓar masa kiwo. Ya buga cinya ya ce shi bai wahalar da kansa da kiwo ba, Kuve kawai ya yi masa, ya ce mata na yaronsu ne.

Ina tsaye a tsakiyarsu da jug a hannu. Ba wanda ya yi dariya. Kawu Buba ya zuba ido cikin kofinsa kamar akwai abin da ya faɗa ciki. Mai kantin maganin ya dubi wannan ya dubi wancan yana tambaya me ya faru, wani ya take masa ƙafa. Na gama zuba wa kowa, saboda kai ka koya mini ba a barin baƙo da kofi ba komai. Sannan na shiga gida.

Da suka tashi Kawu Buba ya tsaya, ya aika Yohanna ya kira ni bakin ƙofa. Bai iya kallona ba, nima ban iya kallonsa ba, mu biyu muka yi ta kallon tayar kekensa. Ya ce Ɗan Kore nasa ne. Ya ce ya kai iyaka da matarsa Goggo Asta, ya roƙe ka kiwo, kai ma kuma ka kai taka iyakar da Mama. Shirinku shi ne ka shigar da shi lokacin tana kasuwa, ka cusa shi a bayan sauran, sai aka yi rashin sa'a ta dawo da wuri. Washegari ka ba su labari a majalisa, yadda muciya ta tsare ka, yadda dabara ta faɗo maka, aka yi dariya har wani ya zame daga benci. Daga ranar duk wanda ya laƙaba wa ɗansa keke don ya tsira, sai a ce ya yi Kuve. Ya rantse ba da mugunta ba ne. Ya ce ka sha faɗa cewa in ka samu sarari za ka saya mini nawa, a musanya ba tare da na ji ciwo ba.

Sai a lokacin na lura da abin da ke gabana tun tuni. Kawu Buba gajere ne, Baba. Tsawonmu ɗaya da shi. Ba ni ka auna da ido ba.

Ya ce kada in damu, komai ya ci gaba yadda yake. In riƙe keken, in je makaranta da shi, shi dai zai riƙa karɓa wata Asabar ɗin, daga baya a ga abin da Allah zai yi. Abu ɗaya ya roƙa: in Goggo Asta ta taɓa tambayata, in ce nawa ne. Na ce sai an jima, Kawu, na durƙusa masa yadda na saba.

Ka ga inda ka bar ni? In na riƙe shi, na zama makiyayiya da sanina, kuma ƙaryar da ka fara ta koma bakina. In na mayar, na rasa hanyar makaranta, na rasa kuma abu ɗaya tak da nake nunawa in ce babana ne ya ba ni. Na yi ƙoƙarin riƙewa, ba zan ɓoye maka ba. Na hau shi wannan satin. Amma duk mai keken da ya wuce ni ya buga ƙararrawa sai in ji kamar ya san sunana. Mai facin bakin gada ya gaishe ni yadda ya saba, na ji kunya ta rufe ni har kunnuwa. Su nawa suka sani? Tun yaushe? Sa'ad da nake durƙusa musu ina miƙa kunu, Rahila suke gani ko abin dariyar? Da ka ce na Yohanna ne, da bai san komai ba, yaro ne ƙarami a lokacin. Me ya sa ni? Don ni ce a kusa? Ko don ka san ni ce wadda ba za ta taɓa tambaya ba?

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci na warware zaren ulun daga hannuwansa, na wanke shi, na sa wa kacar mai. Na ce wa Mama zan je in dawo. Na kama hanyar Wuro Patuji, unguwar su Kawu Buba, a daidai lokacin da na san Kawu yana majalisa. Na tafi a hankali. An cire gyaɗa a gonakin gefen hanya, shanu suna kiwo a ciki, iska tana buguna a fuska, kuma keken yana tafiya lafiya lau kamar bai san komai ba. Duk hanya ina shirya jawabin da zan yi. Da na yi sallama na tarar da Goggo Asta a tabarma tana ɓarar gyaɗa, sai jawabin ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne na kawo keken Kawu.

Na jira ta fusata. Dariya ta yi, ba ta raini ba, ta gajiya. Ta ce in zauna, 'yata. Ta ce ta san keken nan tun satin da aka saye shi. Wai mutum ya ce mata da ƙafa zai fita, amma ya ɗaure bakin wandonsa da roba yana fito, wa yake ruɗa? Ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin matar da ta yi yaji a Mubi saboda keke ba, mazan ne suka ƙirƙiro abinsu don sayen ya ƙara yi musu daɗi. Su mata faɗa kawai suke yi, saboda akwai rufin da ke yoyo da yaran da ke buƙatar takalmi. Ka ji, Baba? Abin da ka ɓuya a bayana dominsa, babu shi ma.

Sai ta miƙe ta karkaɗe zaninta ta ce in biyo ta, tunda yau ranar mayar da dabbobi ce. Ta kai ni ɗakin ajiya, ta janye buhunan masara. Ga wani shuɗin keke a jingine, sabo fil, ledar kamfani tana jikin ƙarfen, ko gashin robar taya bai goge ba. Ta ce naka ne, da daminar bara ka kawo shi kiwo.

Na ce a raina shi ne, wannan ne wanda za a musanya, Baba bai manta ba, mutuwa ce ta riga shi. Na yafe maka komai a wannan ɗan lokacin, har na fara jin kunyar fushina. Na matsa na tsaya a gefensa don in gani.

Na auna, Baba. Sirdin ya kai mini haƙarƙari. Yana da ƙarfen tsakiya irin na maza. Na miƙa hannu daga sirdi zuwa kan keken, da ƙyar yatsuna suka taɓa birki. A hannun hagu kuma ga baƙar robar nan an naɗe, yadda kake naɗe wa duk kekunanka saboda wuyan hannunka da ya taɓa gocewa. Goggo Asta ta juya tana gyara bakin buhun da ba abin da ya same shi. Ka samu sarari, ashe. Ka samu, ka ƙara ɗaya.

Ta ce in ɗauki koren in koma da shi, ita ta ba ni, ta ga wanda zai buɗe baki. Na gode mata, na ce a'a. An riga an ba ni shi sau ɗaya daga hannun wanda ba nasa ba. Shuɗin na ɗauka, don hakkin gidanmu ne. Ban iya hawansa ba, na turo shi da ƙafa tun daga can, na yi masa rakiya kamar yadda kuke cewa. Na wuce Ɗan Kore a jingine a bangon Goggo ban waiwaya ba, sai da na fita hanya na zauna a kan wani dutse na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ka.

Rana ta kusa faɗuwa na iso. Mama tana bakin kicin, kuma wallahi da muciya a hannunta. Ta dubi keken ta dube ni, ta ce wannan kuma na waye. Na ce na Baba ne. Sannan na gaya mata duka, a tsaye, ban saki keken ba.

Ta sani, Baba. Ita ma ta sani. Ta ce tun daga shirun da ka yi ranar ta gane, ta zauna da kai shekaru masu yawa, ta san fuskarka in kana neman mafita. Ta ce har ta buɗe baki, sai ta gan ni a durƙushe ina kuka, ta rufe. Ta yi tunanin tunda ka faɗa da bakinka a gaban 'yarka, ka ɗaure kanka, kunya za ta sa ka biya Kawu Buba ko ka nemo wani. Ta yi ta jira. Ta tuna maka fiye da sau ɗaya, ka ce ana nan ana shiri. Na ji haushinta ita ma, amma ba kamar naka ba. Ita shiru ta yi. Kai ka kai labarin majalisa.

Daga nan ta leƙa ta katanga ta kira maman Hadiza, ta ce ta zo ta zama shaida. Ta kama hannuna ta ɗora a kan sirdin, ta ce daga yau wannan keke na Rahila ne, duk wanda yake da wata magana a kansa ya zo wurinta. Maman Hadiza ta ce ta ji ta gani. Ya kamata in yi murna. Na yi godiya. Amma daga bakinka na so in ji, kuma na riga na ji, shi ne abin.

Mai facin bakin gada ya sauke mini sirdin har ƙarshe, ya juyo da kan keken baya kaɗan. Da kan yatsu nake taɓa ƙasa. Ina sa wando a ƙarƙashin siket ɗin makaranta. Na faɗi a gangaren mayo na ƙuje gwiwa, wani lokacin ina makara, amma ina zuwa. Ban cire baƙar robarka ba, ban kuma raɗa masa suna ba. A garke yake kwana.

Kawu Buba ya zo ya daɗe a ƙofar gida, ban fita ba. Mama ta ce idonsa ya yi ja, ya ce sun hana faɗin kalmar nan ta Kuve a majalisa, duk wanda ya faɗa ba zai sake zama da su ba. Na yarda da gaske yake. Amma shekaranjiya Yohanna ya dawo daga aike yana tambayata me ya sa wani mutum da bai san mu ba yake kiran sunana a wurin mai faci, suna dariya. Na ce masa wata ce daban. Ka ga, na fara tawa ƙaryar.

Fasto ya ce wanda ya tafi ba a riƙe shi a zuciya. Ina ƙoƙari. In mun zo wurin gafara a addu'ar safe, muryata takan yi ƙasa, Mama tana ji. Ina kewarka, Baba, kada ka ɗauka ba na yi. In ruwa ya sauka ina sa wa kaca mai kamar yadda ka ce. Da yanzu wani zai tambaye ni keke nawa ya kamata namiji ya mallaka, kunya ba za ta bar ni in amsa ba, amma a raina zan ce ko nawa ne, in dai ya san wanne ne na 'yarsa.

Abu ɗaya na kasa warwarewa. Yammacin nan a filin firamare, da kake gudu a bayana da silifas, kana haki, ka saki kariyar ban sani ba, na yi nisa ni kaɗai, na juyo na hango ka can baya ka ɗaga hannu biyu kana ihu kamar yaro. Ba Mama a wurin. Ba abokanka. Ba wanda za ka ɓoye wa komai. Keken na Kawu Buba ne, na sani yanzu. Gudun fa, Baba? Shi ma na aro ne?

Ba za ka amsa ba. Zan riƙe wannan ɗin a matsayin nawa, tunda har yau ba wanda ya zo yana sosa ƙeya ya ce nasa ne.

Ka huta lafiya. Ubangiji ya karɓe ka da jinƙai, ya ba ni kuma zuciyar da za ta faɗi haka ba tare da ta yi nauyi ba.

Ni ce 'yarka ta fari,
Rahila. Ɗaya sunan yana hannun abokanka, in sun gama da shi zan karɓa.